Ɓargon Matsoraci

Wanda ya fara tarbarmu a ƙasar Indiya macuci ne, amma macuci mai fara'a. Muna fitowa daga filin jirgi ya haɗe tafukan hannu ya rusuna, ya karɓe akwatina kamar wanda muka yi firamare tare. Na nuna masa sunan unguwar masaukinmu a waya, ya zuba mu a mota, muka shiga gari. Muna ta tafiya, muna ta tafiya, ni ina kallon gidaje ina cewa lallai Delhi gari ne. Sai ƙanina Danladi ya taɓo ni daga baya.

"Yaya, wannan farin saniya da ya kwanta a ƙarƙashin gada, ba mun wuce shi ɗazu ba?"

Na duba, ita ce, har da jan ƙyallen da ke wuyanta. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ba makahon saniya ba. Na yi wa direban faɗa da Turanci, na ƙara da Hausa, na rufe da yarenmu na Jaba. Bai daina murmushi ba har ya sauke mu, ya karɓi abin da ya karɓa, ya sake rusunawa.

Mu uku muka yi tafiyar. Ni Ishaya, mai sayar da busasshiyar citta a Kafanchan, sai Danladi, sai 'yata Godiya wadda saboda ita muka zo. Shekarunta goma sha huɗu a lokacin, kuma sikila ce. Tun tana rarrafe ciwon ya sa mu gaba. Ruwan sama bai taɓa dukan yarinyar nan da saninmu ba, domin in ya taɓa ta, kafin yamma tana birgima tana kiran ƙasusuwanta. Da hadari ya haɗo, abin da maƙwabta ke fara ji daga gidanmu muryata ce: "Godiya, shigo ciki!" Ana nan sai ta faɗi a makaranta, bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki. Ubangiji ya yi jinƙai suka dawo daidai, amma likita ya faɗa mana gaskiya: abin zai sake dawowa, kuma na biyu ba ya zuwa da sauƙin na fari. Mafita ita ce dashen ɓargo, a kashe nata mai yin jinin sikila, a zuba mata na wani.

An fi son ɗan'uwan da suka fito ciki ɗaya wanda nasa ya dace da nata gaba ɗaya, to ƙaninta bai dace ba. Sai aka ce yanzu ko rabi ne ya dace ana yi. Uwa da uba kuwa dole rabi ne. Maman Godiya hawan jini ya fitar da ita daga layi, ya kuma hana ta tafiyar. Aka bi dangi ana goga musu auduga a cikin kumatu ana aikawa gwaji, cikinsu duka Danladi kaɗai ya fito rabi. Asibitin Indiya suka ce mu zo da mutum biyu, ko da ɗaya zai samu matsala.

Yanzu bari in gaya muku waye Danladi. Ƙato ne. A Kwoi buhun citta biyu yake ɗauka a tare, ɗaya a ka ɗaya a kafaɗa, yana tafe yana waƙa. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu in ya saki murya har kwanon rufi yana amsawa. Amma a nuna masa allura, sai ya zama ruwa. A wajenmu, in mara lafiya yana bukatar jini kuma babu a ajiye, cewa ake a kawo dangi. Ni na bayar har masu ɗibar jinin suna ce mini kwastoma. Danladi kuwa duk ranar da aka nemi jini, ko babur ɗinsa ya lalace a Madakiya, ko ana bizo, wato jana'iza, a Gwantu. Sau ɗaya mamarmu ta ja shi da hannunta har ɗakin. Yana ganin allurar ya zube, ya karya musu benci, nas-nas suka bar Godiya suka koma yi masa fifita. Tun daga nan ya zama abin tsokana a gidanmu, kuma ni ne shugaban masu tsokanar.

Don haka da batun Indiya ya taso sai da na lallaɓa shi.

"Yaya, ka rantse babu allura."

"Kirista ba ya rantsuwa, amma na yi maka alkawari. Ni ne ubanta, nawa za a ɗiba. Kai safaya taya ne kawai, ka je ka ga duniya ka dawo."

A kan haka ya hau jirgi.

Masaukinmu wani dogon bene ne kusa da asibitin, cike da masu jinya daga ƙasashe daban-daban. Kowane ɗaki da nasa ciwon, kowane ɗaki da nasa ƙamshin miya. Abincin garin ya ba mu wuya. Komai ka saya sai ka ji kamar an juye masa shagon kayan yaji, nama kuwa sai ka yi tafiya kafin ka gan shi. Danladi ya rame a wuya cikin ɗan lokaci. Mun zo da acca, amma daga ni har shi babu wanda ya taɓa tuƙa abin kirki, faten da muka fara yi Godiya ta ce a ajiye a liƙa takarda da shi.

Wata safiya muna gardama a kicin ɗin da kowa ke girki, sai muka ji an ce, "Kai, bayin Allah, wa ya koya muku wannan ɓarna?" Na juya da sauri har na kusa zubar da tukunya. Wata dattijuwa ce daga Maraɗi, Hajiya Binta, ta kawo jikanta aikin zuciya. Ban san Hausa tana da daɗi haka ba sai ranar. Ta karɓi muciyar, ta kore mu gefe, ta ɗauko daddawa da kuka daga ɗakinta. Tun daga nan ta zama uwar Godiya a Indiya. Duk abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uba ba, Hajiya ake faɗa wa. In ta idar da sallarta ta shafa mata addu'a, in mun gama tamu mu sa jikanta a ciki.

Abokina na biyu ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya ta juna ba. Mai shayi ne a bakin ƙofar asibiti, ɗan siriri mai gashin baki. Na ga yana daka ɗanyar citta yana zubawa a shayi, na ɗauki ɗaya na gutsura. Ruwa ce zalla, ba ta ko cizo. Washegari na kawo masa busasshiya ta Kwoi daga guzurina. Ya tauna, hawaye suka zubo masa, ya yi ta buga ƙirji yana kiran maƙwabtansa su zo su ɗanɗana. Daga ranar in na miƙa kuɗin shayi sai ya ture hannuna.

Aka ɗebi jinin Godiya aka yi ta gwaje-gwaje, sannan aka kira mu wajen babbar likita. Wata 'yar tsamurmurar mata ce mai furfura, in tana magana ba ta ɗaga murya. Ta dube mu ta saman gilashi ta ce, "A danginku, wa ya taɓa ba yarinyar nan jini?"

Na gyara zama. Shekara da shekaru nake jiran a yi mini wannan tambaya a gaban Danladi. Na bugi ƙirji na ce ni ne, kuma ban san adadi ba.

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Abin da na zata ke nan. Ka ga, jikin mutum yana da masu gadi, kuma baƙon da ya cika shigowa sukan riƙe fuskarsa. Kai rabi biyu ne. Rabin da ka ba ta tun tana ciki nata ne, ba su da rigima da shi. Ɗaya rabin, wanda ba ta gada ba, shi suka yi ta gani a jinin da kake ba ta, har suka haddace shi. In na zuba mata ɓargonka, a bakin ƙofa za su tare shi. Akwai maganin rage su, amma nata sun yi yawa, ba zan so in gwada ba alhali ga wanda ba su sani ba a zaune."

Ta juya wajen Danladi. "Kai fa? Ka taɓa ba ta?"

Ni na amsa masa, da haushi. "Ko ɗigo."

"Madalla," in ji ta. "Ga shi ya fi ka ƙuruciya, kuma gwaji ya nuna ba ya ɗauke da sikila ko kaɗan. Shi za mu ɗauka."

Tunda aka haifi Danladi babu wanda ya taɓa ce masa madalla a kan gudu sai ranar.

Na fita na zauna a matakala na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya da nake tinƙaho da shi a duniya shi ne jinina yana yawo a jikin 'yata, yau an ce shi ya rufe mini ƙofa. Likitar ta biyo ni har wajen ta tsaya a kaina. Ta ce ba laifina ba ne, da ban bayar ba da babu yarinyar da za a kawo Indiya, sai dai in na koma gida in gaya wa masu irin ciwon su nemi jinin bare muddin akwai hali. Na ji ta, amma zafin bai tafi ba.

Da na koma na tarar da Danladi a tsaye jikin bango, gumi ya jiƙa masa riga.

"Yaya, ka ce safaya taya."

"To taya ya fashe, Danladi."

Kafin a fara komai likitar ta yi mana gargaɗi. Ta ce maganin da za a ba Godiya zai share ɓargonta, kuma in an fara babu komawa baya. In ranar dashe ta zo mai bayarwa bai zo ba, yarinya za ta zauna ba nata ba na wani, ko mura ta ishe ta. Ta ce in fita, dokarsu ce a tambayi mai bayarwa shi kaɗai, kada ya amsa don kunyar wani. Na tsaya a waje ina addu'a ina leƙe. Ya fito yana share goshi ya ce, "Na ce masa to." Da aka zo ɗibar jininsa na gwaji kuwa, mutum huɗu suka ɗaga shi daga ƙasa.

Wannan "to" ɗin bai kwantar mini da hankali ba. Na ɗauke fasfo ɗinsa na tura cikin buhun acca. Hajiya Binta ta gan shi tana ɗibar na fate, ta kakkaɓe shi ta dube ni.

"Malam Ishaya, ba a ɗaure mai kyauta."

"Hajiya, ba ki san shi ba ne."

"Kai ma ba ka gama saninsa ba," in ji ta, amma ta mayar da shi cikin buhun.

Aka shigar da Godiya wani ɗaki mai gilashi wanda ba a shiga sai an wanke hannu an rufe baki da hanci. Aka fara maganin. Tana amai, abinci ya fita ranta, duk da haka tana yi wa nas-nas gyaran yadda ake neman jijiya, domin ita allura ta zame mata kamar cizon sauro. Ni ina wajenta yawancin wuni. Danladi kuma kullum da safe sai ya fita, in na tambaya ya ce yawo yake yi ya sha iska.

Ana gobe za a ɗebi ɓargon na dawo masauki da rana in tuna masa kada ya ci komai in gari ya waye. Ba ya ɗaki. Wayarsa tana kan gado, takalminsa na fita babu. Hajiya ta ce tun safe ba ta gan shi ba. Fasfo yana nan cikin acca, amma matsoraci ba ya bukatar fasfo kafin ya ɓuya, kuma garin nan in mutum ya shige lungu ɗaya sai Allah. Na tuna babur ɗin Madakiya, na tuna bizon Gwantu, na tuna 'yata a bayan gilashi ba ta da abin da zai yi mata jini. Na fita da gudu da silifas, ina ƙwala kiran sunansa a titin da babu mai jin yarena, masu keke mai ƙafa uku suna ta danna mini oda.

Mai shayi ne ya cafke hannuna. Ya ɗaga hannu sama ya nuna tsawo, ya buɗe kafaɗu ya nuna faɗi. Na ce eh, eh, shi! Sai ya soka yatsa a gwiwar hannunsa, ya juya idanu, ya yi baya luuu kamar zai faɗi. Sannan ya nuna mini ƙaramar ƙofar bayan asibiti.

Ɗakin da mutane ke ba da jini ne. Ga su a jere a kan gadaje, kowa da allura a hannu. A can kusurwa, a ƙasa dirshan, ga Danladi ya jingina da bango, ya ƙura wa allurar wani mutum ido. Ya cusa cittata a baki yana cizo, yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Wata nas ta gan ni ta yi dariya. Ta ce tun ranar da aka fara ba yarinyar magani yake zuwa kullum ya roƙa a bar shi ya kalla. Ranar farko a bakin ƙofa ya zube. Daga baya ya fara iya kallon mutum ɗaya, mutum biyu kafin ya faɗi. In ya farfaɗo su aika wajen mai shayi a kawo masa. Yau tun safe yake zaune bai faɗi ba.

Na tsuguna a gabansa, na rasa ta inda zan fara. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Me ya sa ka zauna a ƙasa, ga kujera?"

"Don faɗuwa ya yi kusa, Yaya."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Ya cire cittar daga baki ya ce, "Tsoro ɗin bai tafi ba fa. Amma na gaya masa gobe ya jira ni a waje."

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da muka koma masauki na ciro fasfo ɗinsa na miƙa masa. Ya shinshina ya ce, "Ai na sani yana wurin. Kullum ina gani in zan saci acca."

Washegari ya shiga da ƙafarsa, ya hau gado da kansa, ya miƙa hannu yana waƙa da ƙarfi har masu shara suka leƙo. Allurar tana taɓa fatarsa waƙar ta yanke. Likita mai sa barci ya ce bai taɓa samun wanda ya rage masa aiki haka ba. Suka ɗebi ɓargon daga ƙashin ƙugunsa ta baya, suka kawo shi a leda, ja kamar jinin da na saba bayarwa. Aka rataya a gefen gadon Godiya, ya fara ɗiga cikin jijiyarta. Godiya ta bi robar da ido ta ce, "Baba, shi ke nan? Wannan ne ya kawo mu Indiya?" Danladi kuwa da ya farka, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya faɗi. Na ce a kwance kake, ina za ka faɗa?

Makonnin da suka biyo su ne masu wuya, kuma ba na son daɗewa a kansu. Gashinta ya zube. Bakinta ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Mamarta tana kira daga Kafanchan, matan zumunta na coci suna bayanta suna waƙa, in na kashe wayar kewar gida ta danne ni kamar buhu. Jikan Hajiya ya warke suka tafi, ta bar mana sauran daddawarta da tukunyarta, ta tsaya a bayan gilashi ta daɗe tana ɗaga wa Godiya hannu. Danladi yana tafiya a karkace yana riƙe da ƙugu, duk wanda ya haɗu da shi a bene sai ya ba shi labari, ko yana jin Hausa ko ba ya ji.

Sannu a hankali ta fara neman abinci. Ranar da ta ce fatenmu babu gishiri na san yarinyata tana dawowa. Aka yi gwajin da ke nuna jinin wa jikinta yake yi, likita ta shigo da kanta, karo na farko na ga haƙoranta. Ta ce ɓargon ya zauna, jinin da Godiya ke yi yanzu na Danladi ne.

Na gode wa Ubangiji da dukan zuciyata. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne, sai da na ce, "To nawa ya fita ke nan."

Ta ce, "Me kake tsammani ya haɗa ta da ƙaninka? Rabin nan da ka ba ta ne. Kai da shi kuka gaje shi a wuri ɗaya. Kai ka ba ta naka tun farko, shi ya ajiye nasa har ranar da za a nema."

Ina cikin juya maganar sai nas ta shigo ɗibar jini. Godiya, wadda tun tana ƙarama take miƙa hannu ba ta ko kallo, tana ganin allurar ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yesu!" Idanunta suka juye, ta yi luuu ta zube a kan filo. Na yi kanta ina kiran sunanta. Sai ta buɗe ido ɗaya.

"Baba, ɓargon ya kama."

Likita ta fita tana riƙe da ciki don dariya. Danladi daga bayan gilashi yana ta buga hannu yana cewa shi ba haka yake faɗuwa ba, ƙarya take yi masa.

Mun dawo gida da jakar magunguna da dokoki masu yawa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har likita ta sassauta mana. Danladi ya koma ɗaukar buhu a Kwoi. Har yau in ya ga allura zubewa yake yi, sai dai a gidanmu babu mai dariya, in ban da Godiya, ita tana da lasisi.

Daminar bana, ina zaune a baranda ina tsince citta, hadari ya taso daga wajen dutsen Kagoro, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaga kai sai na gan ta a tsakar gida. Ta je kwashe shanya, ta tsaya da zanen mamarta a hannu, ta ɗaga fuska sama ruwa yana dukanta. Na miƙe tsaye. Na buɗe baki, sunanta har ya zo kan harshena.

Sai na rufe bakina na koma na zauna, na bar ta ta jiƙe.